Tsayuwar Surukina a Bayan Katanga

Abin nan ya faru ne da bazarar da ta biyo bayan sake buɗe kasuwar shanu, lokacin da motoci suka koma bin hanyar Kaduna ba tare da jiran rakiya ba. Shekara biyu ke nan bayan canjin kuɗin da ya sa muka riƙa ba da masara muna karɓar manja, shekara guda kuma bayan na bar cin goro saboda haƙorin nan na ƙasa. Mai son ƙarin shaida ya tambayi maƙwabta, a bazarar ce iska ta ɗauke rufin ɗakin girkina ta ajiye shi a gonar wani.

Mijin 'yata babban ma'aikaci ne a Kaduna, irin waɗanda ake buɗe wa ƙofar mota. Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba. Shekara talatin da ɗoriya yana auren 'yata, ban taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa cin ko gyaɗa a gabana ba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, nawa a bango. Mu gaisa, mu tambayi gajiya, ya tashi. Haka muka gada, kuma ni ban ga aibinsa ba.

To, lokacin barin aikinsa ya zo, abokan aikinsa suka ce za su yi masa bikin ban kwana a filin ƙwallon lambu, wasan nan da suke ce wa golf, kuma shi zai buga ƙwallon farko a gaban kowa. Dalili kuwa, shekaru da suka wuce wani ya ba shi kyautar jakar sandunan wasan, ya jingine ta a kusurwar ofis. Duk wanda ya shigo ya gani sai ya ɗauka gwani ne. Shi kuma bai ce ya iya ba, bai ce bai iya ba, murmushi kawai yake yi. Murmushin nan ne ya zo karɓar hakkinsa. Saura mako biyu, mutumin bai taɓa ɗaga ƙwallo daga ƙasa ba.

'Yata ce ta kawo shawarar su zo Birnin Gwari ya ɓuya ya koya. Gidan iyayensa yana tsakiyar gari, ga jama'a, ga surutu. Nawa yana bakin gari, bayan katangata akwai fili da muke shuka masara, daga nan sai ɗorawa, sai daji. Don haka ya riƙa kwana can, da hantsi ya zo nan, ya gaishe ni, ya zaga baya da jakarsa mai kama da kwarin maharba.

Katangar tawa gajeriya ce, iyakarta ƙirji. Daga gindin mangwaron da nake zama ina ganinsa sarai. Dama da hagu gidajen mutane ne, dole sai dai ya buga ta wajen daji, kuma in ya tsaya hakan, bayansa ni yake kallo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya soka ɗan tsinke a ƙasa, ya ɗora farar ƙwallo kamar ƙwan zabo, ya sa safa a hannu guda, ya ɗaga sanda da ƙarfinsa duka. Ƙasa ta tashi, hula ta faɗi, ƙwallo tana nan zaune. Ya sake, ya sari iska. Karo na uku ta gangara taku huɗu ta tsaya, kaza ta je ta duba ta. Kafin azahar ya yi mini kaftun rabin fili kyauta.

Da yamma na ce wa 'yata ta nuna mini yadda masu abin suke yi. Ta buɗe waya, na ga wani siririn mutum ya tsaya, ya lanƙwasa, ya juya, ƙwallo ta ɓace. Na ce ta maimaita. Sau biyu ya ishe ni. Na ce mata wannan ai faskare ne aka kwantar da shi gefe. Ni a Kutemeshi aka haife ni, tun dajin nan ba a tsoron komai a cikinsa sai kura da zuma. Da 'yan matan Gwarawa muke shiga itace, kuma wata ƙawata a cikinsu ita ta koya mini gatari. Ta ce gatari abu uku yake so, riƙo, ido, da tsayuwa. Ƙarfi na huɗu ne, shi ma in an ga dama. Mijin 'yata ya kawo na huɗun ya bar ukun a Kaduna.

Amma yaya zan faɗa masa? Surukuwa ba ta gyara wa suruki riƙon sanda. 'Yata kuwa ta gwada, ya ce mata ta bar shi, yana da littafi.

Washegari na jira har ya fara. Na ɗauki muciya, na tsaya jikin katanga, na ƙwala wa 'yata kira, mace mai jikoki, na hau ta da faɗa. Na ce wane irin riƙo take yi wa muciya, hannu nan hannu can kamar mai noma da fartanya? Ta haɗa hannuwa wuri guda, na hagu a sama, na dama ya rufe babban yatsa. Kuma ta daina shaƙe ta kamar ta kama ɓarawo. Na ce mu da muke lugude har sakin taɓarya muke yi mu tafa mu cafe, nauyinta ke yin daka, ba jijiyar wuya ba. Ta tsaya tana kallona baki buɗe, domin ko wuta ba mu hura ba. Sai ta gane, ta danne dariya da bakin mayafi, ta ɗaga murya ta ce, to Inna, za ta gyara.

Bayan katanga kuwa, can sai na ji ƙarar ta canza. Da sai dai ka ji dum, ƙasa ta sha duka. Yanzu na ji ƙas.

Maganar ido kuwa akuya na yi wa. Tana ɗaure jikin katangar tana cin dusa, na ce mata ta sa ido kan abin da ke gabanta ta bar ɗaga kai tana hangen inda bai kai ba tukuna, mai faskare in ya ɗaga kai kafin gatari ya sauka, yatsansa yake sara. Akuya ta saurara da kyau. Wanda ke bayan katanga ma haka.

Sai dai tsayuwa ta ƙi. Ya miƙe ƙyam kamar soja a fareti, ƙafafu a haɗe, gwiwa a sandare, babbar riga har ƙasa. Na yi wa 'yata faɗan tsayuwa wajen ɗaukar tulu, na yi wa akuya, har turmi na yi wa. Kwana huɗu babu canji, saura mako guda. Ya fara rama. 'Yata ta ce ya soma maganar ko ya ce musu ƙugunsa ne ya riƙe, kuma kowa ya san in ya faɗi haka an gane, dariyar da za a yi masa sai ta bi shi har gida.

Mutum mai hankali da ya gyara riƙo daga faɗa guda, me zai hana shi lanƙwasa? Na yi zargin wani abu, na ce bari in gwada. Na yafa mayafi, na yi sallama da ƙarfi cewa na tafi barka, na fita ta ƙofar gida, na zaga ta gidan maƙwabta na dawo, na shige ɗakin girkin nan marar rufi, na sa ido a tsagar bango. Ya waiga gindin mangwaro, ba kowa. Ya sake waigawa. Sai ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya ware ƙafa, ya saki gwiwa, ya turo baya kamar mai shirin zama a kujerar da ba ta nan. Ya buga. Ƙwallon nan ta tashi har ta wuce ɗorawa.

Ashe ni ce ciwon. Bawan Allah ba zai iya turo wa surukuwarsa mazaunai ba.

Da na faɗa wa 'yata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce to shi ke nan, in riƙa zama a ɗaki har ya gama. Na ce a Kadunan ma ɗaki za su shiga? Manyansa za su tsaya a bayansa, da matansu, da masu ɗaukar hoto. Wanda ya kasa lanƙwasawa gaban tsohuwa guda, ranar nan sandarewa zai yi kamar tabarmar da aka jingine.

Da hantsi na ɗauki tabarma da faifan shinkafa, na fita ta ƙofar baya, na shimfiɗa daidai bayansa, inda sanda ba za ta same ni ba. Ya durƙusa ya sake gaishe ni, ko da yake mun riga mun gaisa. Ya tashi ya tsaya ƙyam. Ya sari iska sau uku. Gumi ya jiƙa masa wuya.

Na ce, “Alhaji.”

Sanda ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya ce, “Na'am, Inna.”

“A cire rigar nan. A ware ƙafa, a saki gwiwa, a turo abin nan baya. Allah ne ya ba ka shi, ba sato shi ka yi ba. Ni shinkafa nake tsinta.”

Ya sunkuyar da kai. Sannan a hankali ya ce, “Inna, a gafarce ni.”

Na ce na gafarta tun kafin a yi. Ya rataye riga, ya lanƙwasa kaɗan kamar mai ciwon ciki. Na ce da saura. Ya ƙara. Ya buga, ƙwallo ta yi sama, na bi ta da wutsiyar ido har ta sauka. Ya juyo yana jiran abin da zan ce. Na ce ban gani ba, tsakuwa nake cirewa, a sake.

Kashegari na aika aka kira mini ƙawata Bagwariya da ta koya mini gatari, wadda ta dawo cikin gari tun lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Ita ba surukinta ba ne, ba ta da abin jin kunya. Ta zauna kusa da ni ta ce ƙafarsa ta hagu ta cika leƙe waje, kuma ya matso kusa da ƙwallon, ba cizo take yi ba. Da gari ya sake wayewa muka zama mu biyar, tsofaffi zalla, kowa da faifanta. Ranar ƙarshe ko waigowa bai yi ba. Ya turo mana shi hankali kwance, ya buga goma, takwas suka tashi.

Ranar bikin ban je ba, ina ni ina filin manya. 'Yata ta dawo da hoton a waya, kuma daga baya aka ɗauka, don haka na gane shi tun kafin ya juyo. Ga jama'a jere, ga shi a tsakiya, hannu a haɗe, kai a ƙasa, tsayuwa irin ta Kutemeshi. Ƙwallon ta tashi ta karkata dama ta shige cikin itatuwa, amma ta tashi, aka yi ta tafi. An ce wani babba ya tambaye shi wa ya koya masa, ya ce wata ƙwararriya ce a wajen gari, ba ta karɓar ɗalibai.

Da ya zo gaisuwar salla, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, nawa a bango. Muka tambayi gajiya. Ba wanda ya ta da maganar, har yau. Sai bayan ya tafi na ga sanda guda jingine a gindin mangwaro. Da ita nake kakkaɓo na sama.

Cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan, biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ɗaya ta bi ɗanta Zariya. Akuyar ta tafi a sunan tattaɓa kunnena. Ƙawata Bagwariya tana nan, ido ya yi rauni amma bakin lafiya lau. 'Yata tana nan, mijinta yana nan, an ce duk Asabar yana fili. Ni ma ga ni, kuma har yanzu in mai faskare ya zo gidan nan, sai na duba tsayuwarsa kafin in ba shi gatari.