Muryar Kwaɗo Mai Gyaran Keke Ta Yi Shiru

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yaran zamaninmu suka sani da Kawu Kwaɗo, ko da yake yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Kawu, shekara da shekaru kana shiga wani ɗan ɗaki mai zafi a gidan talabijin, kana ɗora wa katun ɗin yara murya da Hausa. Kai ne kwaɗon nan mai gyaran keke, wanda bai taɓa haɗa keke ba sai wani ƙarfe ya yi saura. Kai ne kuma maƙwabciyarsa, agwagwa mai mita. Duk yammacin Asabar mukan cika falonmu, mu da 'ya'yan maƙwabta, yayanmu yana waje yana juya eriya, muna ihu, "Ya kawo! Ya ɗauke!" Hoton yana rawa, launin a koɗe, amma ko ƙwaƙƙwaran motsi ba mai yi. Lokacin da aka kwantar da autanmu a asibiti ya ƙi shan magani, ka laɓe bayan labule ka yi masa faɗa da muryar kwaɗo. Ya shanye tas, yana waige-waige.

Zan faɗi abin da ke cin raina, domin na kasa haɗiye shi. Da ciwo ya kwantar da kai, ka ce kana son jikokinka su kalli katun ɗin nan ko guda ɗaya ne. Na je gidan talabijin ɗin, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce mai makulli ba ya nan. Ranar da aka buɗe ɗakin ajiya, na tarar da kaset-kaset sun sha yoyo sun yi funfuna. Waɗanda suka tsira kuwa, an goge su an ɗora tallace-tallace da jawaban taro. Wani ma'aikaci ya ce mini, "Hajiya, wa zai kalli wannan yanzu? Ai ga sababbi nan a waya." Ban san da wane baki zan gaya masa cewa na waya ba sa magana da harshen da kakar yaro ke masa faɗa da shi ba.

Na dawo wurinka na kasa haɗa ido da kai. Ka ce, "An goge, ko?" Sai ka sa aka tara maka jikokin a bakin gado, ka yi musu kwaɗo da agwagwa, numfashi yana yanke maka. Suka yi ta dariya, ni kuwa na fita tsakar gida. Abin da ya rage na aikin rayuwarka ke nan: 'yar gajeriyar ɗauka a wayar babbar 'yarka, rabinta tari ne. Gidan talabijin ɗin da ka ƙarar da ƙuruciyarka a ciki ko sanarwar rasuwarka bai yi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, Inna, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk wanda ya taɓa zama a ƙasa gaban akwatin talabijin yana jiran ka. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ma Ya sanyaya mini zuciya. Ya Allah, mu mun kasa adana abin da bawanKa ya yi, amma a wurinKa ba abin da ke gogewa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa dariyar yaran nan a mizaninsa. Amin.