Baba Kunne da Motar Surukinsa

A layin makanikai da ke bayan tasha, Baba Kunne ake ce masa, don shi da kunne yake gyaran kafireta. Tun yana saurayi ya shigo sana'ar. Ya tsotsi fetur da baki har harshensa ya daina bambance gishiri da sukari, hannuwansa kuma sun yi baƙin da sabulu ya sallama, amma kunnen nan bai taɓa cin amanarsa ba.

Yana da wata ƙa'ida da ke ƙular da direbobi. In ka kawo masa mota da sanyin safiya, zai murɗa sukurun mai da na iska, ya saurara, sannan ya ce ka dawo da rana tsaka da lodinka, ku hau tudun bayan gada tare. Bayaninsa bai taɓa canzawa ba: iskar safe nauyi gare ta, tana son mai da ɗan yawa. Iskar rana kuwa ta ɗau zafi tun kafin ta shiga inji, sai ta sa mai ya fashe kafin lokacinsa, ka riƙa jin ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da ya ji wannan ƙarar sai ya ɗan buɗe mai don cikin inji ya huce, ya ja taimin, wato lokacin tashin wutar inji, baya kaɗan.

To direbobi ba sa son jin an ce a buɗe mai. Da yawansu suka koma wurin Yanzu-yanzu, wani makanike a bakin layi, wanda ke shaƙe sukuru har inji ya koma numfashi da kyar, ya ce mota za ta riƙa shan mai kamar kaza. In irin waɗannan motoci suka gifta, Baba yakan yatsina fuska ya tofar da yawu gefe.

Autarsa tana auren wani direban ƙaramar bas da ake kira Dogo, kuma Baba ne ke duba motar tun farkon auren. Wata rana aka ce jikansa ba lafiya, sai ya rufe rumfa da azahar ya shiga motar surukin. Dogo ya rusuna ya gaishe shi, ya ba shi gidan gaba.

Zafi ake kamar kwalta za ta narke, motar cike maƙil, ga warin gumi da na ɗanyen kifin wata fasinja. Duk wannan bai dami Baba ba. Suna fara hawan tudu ya jiyo ƙas-ƙas daga injin da ke ƙarƙashin kujerarsa, ya juya ya dubi Dogo.

"Wa ya taɓa maka kafireta?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Baba, ɗan ragewa kawai aka yi. Kun san yanayin mai."

"Da safe aka yi?"

"Da safe. Kuma lafiya lau take tafiya."

"Da safe kowace mota lafiya lau take. Kana jin wannan ƙarar? Fistin ne ake duka. Sassauta totur, ka koma ƙaramar giya, ka gangara gefe in duba."

"Baba, fasinja suna sauri. In mun isa sai ku duba."

Daga nan ya miƙa hannu ya ƙure rediyo. Abin da ya fi ƙona wa Baba rai ke nan har yau. Da rashin sani ne, da sauƙi. Amma Dogo ya ji ƙarar sarai, ya zaɓi ya binne ta da kiɗa, yana ma kaɗa kai. Baba ya dubi gefen fuskarsa, ya ji kamar ya haɗiyi ƙuda. A tsaiwar gaba ya buɗe ƙofa ya sauka, ya ƙarasa gidan 'yarsa da ƙafa cikin ranar nan.

Ba a daɗe ba aka jawo bas ɗin da igiya har ƙofar rumfarsa. Da ya kwance kan inji, sai ga fistin guda ya huje a tsakiya, bakin ramin ya narke kamar kyandir, filogi kuma ya yi fari fat kamar ƙashi. Ƙaurin ƙonannen baƙin mai ya cika rumfar.

Kafin yamma magana ta dawo masa. Dogo yana ta faɗi a tasha cewa bakin surukinsa ne ya kama motar, wai tun ranar da tsohon ya sauka cikin fushi ba ta ƙara lafiya ba. Baba ya ajiye sifana, ya ce a zo a janye masa ita daga nan.

Auta ce ta zo, da yaro a goye.

"Baba, don Allah kada ka duba halinsa. Mu za ka duba."

"Ya ce maita na yi masa."

"Kunya ce ta sa shi faɗin haka. In motar nan ta kwanta, gidanmu ne ya kwanta."

Baba ya dubi ƙafafun jikan da ke lilo a bayanta. Washegari ya haɗa injin, ya sa Dogo ya ɗauko lodi da rana tsaka suka hau tudu, rediyo a kashe. Inji ya tafi sumul.

Da sanyi ya shigo, wani maƙwabcin rumfa ya tsegunta masa cewa ya ga bas ɗin a bakin layi, an ɗage kujerar gaba, Yanzu-yanzu na sunkuye a kan inji. Baba ya ce to.

Tun daga lokacin ya daina karɓar motocin haya. Yanzu injin ban ruwa yake gyara wa masu lambu, da injin masu niƙa, ya ce su aƙalla a tsaye suke wuni kusa da injinsu, suna jin abin da yake ciki. Dogo yana zuwa gaishe shi duk ƙarshen mako. Baba yakan amsa, ya tambayi yara, ya tambayi uwarsu, sannan ya ci gaba da wanke filogi.