Baba Sajawal, Mai Shingen Ƙamshi

Kafin rana ta fara gasa garin Bahawalpur, Baba Sajawal ya riga ya jingine kekensa a gindin mangwaro, ya naɗe hannun riga, yana bin fangalan lambun gidan makafi da butar ban-ruwa. Sai ya gama zai zauna ya sha shayi da gurasa. A wannan watan zai ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Da can, abin alfaharinsa shamshad ne, ɗan itacen nan mai ƙananan ganye da ake askewa a zagaye fangali da shi. Shukar ƙasar sanyi ce, amma Baba ya raya ta a zafinmu da inuwar buhu da taurin kai. Baƙi har hoto suke ɗauka. In ka taka masa reshe, ranar sai ka ji tarihin kakanninka.

Sai aka kawo Masi Sugran, tsohuwar mai dafa abincin biki, wadda ciwon suga ya tafi da idonta. Ran da ta fara fita ita kaɗai neman famfo, ta yi ta shafa shingen shamshad tana zagaye wuri guda, har ta faɗa kwatar ruwa ta fasa gwiwa. Daga nan ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Abinci ya koma sai an lallaɓa, mace tana ramewa muna kallo.

Baba ya je bakin tagarta ya yi sallama.

"Masi, ki fito ki sha iska mana. Lambun nan babu irinsa a garin nan."

"To ka ci abinka," in ji ta. "Ko'ina na shafa, ganyen nan ne dai, kamar kan yaran da wanzami ɗaya ya aske. Wa ka yi wa kwalliyar, Sajawal? Mu ko masu hoto?"

Masu shara sun shaida cewa washegari Baba ya ɗauko gatari da kansa, yana tumɓuke shamshad yana share ido da gefen rawani. Shugabar gidan, Rubina Baji, ta fito a guje.

"Baba, lafiya kuwa? Aikin ka na shekara da shekaru!"

"'Yata, ashe masu ido nake yi wa aiki a gidan makafi."

Ya jera na'ana'a a hanyar famfo, ɗoɗɗoya a hanyar masallaci, lalle kuma ya bi da shi har ƙofar ɗakunan mata. Lambun ya rage kyau, gaskiya, kuma duk jajibirin salla mata kan tsige lallen tas, ya yi ta mita. Amma da damina ta sauka, wata safiya Masi Sugran ta leƙo tana shinshina. Ta murza ganye ta kai hanci, ta bi na'ana'a a hankali har hannunta ya taɓa famfo. Ta wanke fuska ta ce, "Na'ana'ar nan ta yi ƙishi, malalaci." Baba ya yi dariya har da tari.

Kai ne, Baba, ka sare abin da ka fi so don wata baiwar Allah ta sake taka ƙasa da ƙafarta. Ba kowa ke iya wannan ba, ni ma da nake rubutu ban tabbata zan iya ba.

Mun gode, gwanin lambu. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, kowa ya dubi aikin hannunsa ya tambayi kansa don wa yake yi. Wanda zai gaji almakashin Baba kuwa, Masi ta ce a gaya masa: duk ran da ya taɓa mata na'ana'a, ta san hanyar ɗakinsa, kuma ba ta buƙatar ɗan jagora.