Hanyar Rani a Taswirar Damina

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da sunayen wasu ɗalibaina, amma daminar da na tura bawan Allah cikin ruwa ba tare da na taɓa ganin fuskarsa ba, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Haɗeja. A lokacin matata ta shekara guda da rasuwa, 'ya'yana biyu suna Kano wajen karatu, gidan ya yi mini faɗi. In na dawo daga makaranta sai in yi sallama don sabo, in tsaya jim, sannan in tuna babu mai amsawa. A cikin wannan hali na ci karo da wata manhajar taswira, irin wadda ake sa wa a waya ta nuna hanya ko babu data. Kyauta ce, kuma kowa yana da damar duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ba wani. Masu aikinta 'yan sa-kai ne a warwatse cikin duniya, har yau ban san muryar ko ɗaya daga cikinsu ba. Da na buɗe ɓangarenmu sai na ga fili fetal, daga Miga har Kafin Hausa layi biyu ne kawai, sai ka ce babu mai rai a wurin. Abin ya ba ni haushi, na ce ni zan cike shi.

Mutanen suna da wasu alkawura da suka rubuta wa masu amfani da manhajar. Sun ce za ta zauna kyauta har abada, sun ce mai amfani da ita shi ne gaba da komai, duk gyaran da aka yi kuma za a mayar wa jama'a. Akwai kuma wanda ya ce ba za su ɓoye matsala ba, duk kuskuren da aka gano za a rubuta shi a fili inda kowa zai karanta. Ni da kaina na fassara su zuwa Hausa, a zama ɗaya, ina kurɓar shayi ina cewa mutanen nan akwai iya tsara zance. Ban ɗauka akwai ranar da ɗaya daga cikin alkawuran zai tare ni a hanya ba.

Rani guda na yi ina yawo a kan babur. Duk Asabar sai in kunna waya ta riƙa bin sawuna, in shiga fadama, in bi burtali, in bi gefen gonakin alkama, in dawo in zana. Ba wanda ya taɓa raka ni. A majalisarmu ta bayan la'asar dariya ake mini, wai mutum da girmansa yana ƙona mai don ya nuna wa Bahaɗeje hanyar gidan ubansa. Amma da aikin ya yi kyau sai aka fara miƙo mini waya. Ranar kasuwar Kafin Hausa nakan zauna a rumfar wani mai cajin waya in yi ta tura wa mutane daga tawa zuwa tasu, direbobi da 'yan tireda da ma'aikata. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan ƙwarai. Tun rasuwar matata ban ji ina da amfani irin na lokacin ba.

Cikin hanyoyin da na zana akwai wata hanyar yanke da ke ratsa fadama zuwa wani ƙauye ta wajen Miga. Da rani hanya ce sosai, har motar albasa tana bi. Da damina kuwa, in kogi ya kawo, ruwa ne iya ƙirjin mutum, ga kachalla, wannan doguwar ciyawar da ta cinye mana bakin ruwa, ta rufe ko'ina. A manhajar akwai wurin da za ka nuna cewa hanya ta wani lokaci ce kawai. Ban cike shi ba. Kuma ba mantuwa na yi ba, na gan shi da idona na wuce, domin a kaina babu mahalukin da ke buƙatar a gaya masa hanyar fadama tana mutuwa da damina. Na zana taswira don baƙo, amma da kan ɗan gari na zana ta.

A majalisa na ji labarin, daga bakin wani mai sayar da kifi. Wai wani sabon ma'aikacin lafiya, mutumin Filato, ya ɗauro akwatin sanyi na allurar rigakafi a bayan babur, ya bi abin da wayarsa ta nuna masa. Da farko ruwan iya idon sawu ne, ya ci gaba, sai ya rufta. Babur ya nutse, akwatin ya buɗe, shi kuma ya kama kachalla yana ihu har masunta suka zo da kwale-kwale.

"Mutum da idonsa yana ganin ruwa, wai waya ta ce ya shiga!" in ji mai kifin. Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har sai da ya ambaci sunan ƙauyen. Ƙauyen nan ne da na zana wa hanyar yanke.

Kafin magariba na goge hanyar daga taswira. Amma na san wannan gyaran bai wuce wayata ba. Mutanen da na tura wa ba sa sabunta komai, wa zai ƙona data a kan abin da ke aiki? Hanyar tana nan a aljihunsu, ga damina ko rabi ba ta yi ba. Babu wanda ya san ni na zana wannan layin, kowa ya ɗauka daga waje ya zo. In na yi shiru mutuncina yana nan daram. In na yi magana kuwa, ni ne malamin labarin ƙasar da ya kusa kashe baƙo.

Na je wajen yayana, manomin shinkafa, mutum mai kirki da ba ya son fitina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To kai, Allah ya rufa maka asiri, kai ne za ka tona? Mutumin bai mutu ba. Ka gyara abinka, ka yi istigifari, ka kama bakinka. Kana koyar da 'ya'yan mutane fa."

Na ce, "Yaya, akwai sauran wayoyi."

"Masu wayoyin ai 'yan gari ne, sun san ruwa."

Maganarsa ta yi mini daɗi, domin ita na je nema. Sai na rubuta wa wani dattijo daga cikin masu kula da manhajar, ta akwatin saƙonsa shi kaɗai, na ce na yi kuskure kuma na gyara, ina roƙo a bar maganar tsakaninmu, domin a wurinmu ba a shelanta laifin mutum. Kwana biyu ya yi kafin ya amsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ya ji ciwon abin, kuma shi ma ya taɓa yin kuskuren da ya hana shi cin abinci. Amma ba shi da ikon rufewa, domin alkawarin rashin ɓoye matsala ba shi aka yi wa ba, ba kuma ni ba, an yi shi ne ga mutumin da ya faɗa ruwan. Ya ƙara da cewa ya fi son in rubuta da hannuna kafin shi ya rubuta.

Na yi fushi da shi na wuni guda. Na ce yana can ƙasar da ba wanda ya san gidansu, ni kuwa gobe da safe zan gaisa da mutane. Na zauna a tsakar gida ana yayyafi, babu wanda zan yi shawara da shi. Da matata tana nan da ta gaya mini gaskiya cikin kalma biyu ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar da aka watse daga zaman makoki.

Washegari na rubuta a shafin manhajar inda kowa zai karanta, da Hausa da Turanci, da sunana a ƙasa: ga hanyar, ga abin da na ƙi cikewa, ga abin da ya faru. Na lissafa wasu hanyoyi shida masu irin wannan matsalar. Bayan la'asar na faɗa a majalisa. Sai mai kifin ya ce, "Au, ashe kai ne injiniyan!" Ranar kasuwa na koma rumfar mai caji ina kiran mutane su kawo waya a gyara. Wasu sun kawo. Wasu sun goge manhajar a gabana. Har yau akwai masu ce mini Malam mai hanyar ruwa, yayana kuwa ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da ka kawai.

Wanda na bari a ƙarshe shi ne ma'aikacin lafiyar, don shi na fi tsoro. Na same shi a wani ɗaki da yake haya a bayan ƙaramin asibitinsu, yana zaune shi kaɗai a kan benci, ƙafarsa ɗaya a naɗe da bandeji. Ashe an ba shi takardar tuhuma saboda allurar da ta lalace, an ce sakaci ne, an kuma hana shi fita aiki. Iyalinsa suna can Filato bai gaya musu ba. Na gaishe shi, na miƙa masa rahoton da na buga a takarda, na ce, "Likita, ni ne na zana hanyar da ka bi."

Ya karanta a hankali har ƙarshe, ya sake komawa farko. Na tsaya ina jiran zagi, kuma da ya zage ni da na karɓa. Sai ya ɗago, idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Malam, mako biyu ke nan ina zaune a nan ina cewa ni ne wawa. Duk garin haka ake cewa, ni ma har na yarda." Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba, ya tambaye ni ko zan raka shi wajen shugabansu in faɗa da bakina. Na ɗauke shi a babur ɗina muka tafi, ta kan kwalta.

An janye tuhumar daga baya. Abin da bai janye daga raina ba shi ne makon biyun nan. Kwana biyar daga cikinsu na san gaskiya, ina yawo da ita daga gidan yayana zuwa akwatin dattijo ina neman wanda zai ba ni izinin yin shiru, shi kuwa yana kan benci yana ɗauke da laifina. Mu mutane ne masu son rufin asiri, ni ma ina so, kuma ina roƙon Allah ya rufa mini. Amma daga ranar na gane cewa kafin in rufe kuskurena sai na duba wa zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa, domin in wani ne zai ɗauka, shirun da na yi zalunci ne.