Shirun minti ɗaya da aka yi mini

Na daɗe ban leƙo nan ba, 'yan uwa. Kafin in faɗi dalili, bari in fara yaba wa ƙungiyarmu ta tsofaffin 'yan wasan hoki. Mutanen kirki ne, ba su da wasa wajen girmama mamaci. Ni shaida ne, don a kaina aka yi.

Ga waɗanda suka san ni da sayar da lemo a Zuba kawai, ni ne Isa Katanga, ɗan baya. A Legas na fara, kulob ɗin wata ma'aikatar tarayya. Da gwamnati ta tattara ta dawo Abuja, aka ɗoro mu a mota tare da kujerun ofis, muka zo muka share fili da hannunmu. Na sa rigar ƙasa, na je Masar, na je Kenya. Ɗakinmu ɗaya da kyaftin ɗinmu Bala duk tsawon shekarun nan, har man shafawa tare muke saye.

Ciwon baya ne ya fara. Ban damu ba. Ɗan hoki a sunkuye yake rayuwa, wanda bayansa ba ya ciwo ai bai buga ba. Na shafa man zafi na koma kasuwa.

Sai zufa, sai rama. Wandona ya fara zamewa. Ran nan ina sauke kwandon lemo ƙafata ta hagu ta ƙi bin umarni, na zube a gaban kwastoma.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki majina, aka tura ni cikin injin hoton nan mai kama da rami. Kuɗinsa kaɗai ya cinye lemo mota guda. Likita ta ɗaga hoton ta ce, "Baba, tarin fuka ne ya shiga ƙashin bayanka."

Na ce, "Likita, ai ban taɓa tari ba."

Ta ce, "Wannan ba ya sallama. Da ka ƙara jinkiri, da a keken guragu za ka ƙarasa rayuwa."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Aka yi aiki, aka ɗaure ni cikin rigar roba, ga ƙwayoyi kafin karin kumallo masu mayar da fitsari ja. Kullum da safe a tsira mini allura a yatsan ƙafa, a tambaye ni ko na ji. Kullum lokacin ziyara idona na kan ƙofa. 'Yan Zuba sun zo, har mai turin baro ya zo da ayaba. 'Yan hoki, ko mutum ɗaya.

Ashe ga abin da ya faru. Matata Ladi 'yar Gbagyi ce, Hausarta ba ruwanta da ya ko ta, kowa ya ne. A makon aikina mahaifiyarta, wadda ita ma ke kwance a gidanmu na Kubwa, ta cika. Sai Bala ya buga waya, karo na farko, ya ce, "Madam, yaya mai jiki?"

Tana kuka ta ce, "Ya rasu jiya, mun kai shi ƙauye."

Ya yi salati ya kashe waya.

Ban ga laifin kunnensa ba, kowa zai ji haka. Amma a inda na tashi, in an yi rasuwa ƙafa ake takawa a je gaisuwa. Da mutum ɗaya cikinsu ya zauna kan tabarmar gidana, da an ce masa marigayin yana asibiti yana cin ayaba.

'Yata ce ta nuna mini wani bidiyo a waya. 'Yan hokin sun jeru a fili da baƙin ƙyalle a damtse, an ɗaga sanduna sama, an yi shiru na minti ɗaya. Bala ya yi jawabi, ya ce ya rasa ɗan uwa na jini. Muryarsa har rawa take.

Da na fara takawa, na juya tsohuwar sandata ta hoki, lanƙwasar a hannu, na dogara da ita har filin. Bala ya gan ni, robar ruwa ta faɗi daga hannunsa.

"Katanga? Kai ne?"

"Ni ne, Kyaftin. Marigayi."

"Wallahi mun yi niyyar zuwa gida. Ka san cunkoson hanyar Kubwa."

Na ce na sani. Ta nan aka bi da ni asibiti.

Alhamdulillahi, yau ina tafiya da ƙafafuna. Na gode wa likitata, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwar Zuba. Ladi kuwa, ta binne uwarta ta dawo ta wanke ni, babu kalmar da ta isa.

Shawarata, ciwon baya da ya zo da rama da zufa ba na man zafi ba ne, ku je a ɗauki hoto. In an ba ku ƙwayoyin, kada ku tsaya a rabi don kun ji sauƙi. In kuma kun ji an ce wani ya rasu, ku je gidan.

Abu ɗaya ya rage da ban gane ba. Ranar da mutuwar gaskiyar ta zo, za su sake yi mini shirun ne, ko wancan ya wadatar?