Garga Mai Gyaran Keke da Jakar Afra'u

Kafin masu tsire su hura wuta, Malam Garga ya riga ya buɗe shago. Daga masallaci yake wucewa kai tsaye, ya tura ƙofar katakon da kafaɗa saboda ruwan Yawunde ya kumbura ta, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan tebur, ya jera sukurdireba uku da buroshi da kwalbar mai. Daga nan sai shayi. Ba ya taɓa keken ɗinkin kowa sai ya sha shayi, wai hannun da bai ji ɗumi ba ɓarna yake yi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka a wannan lungu na Briqueterie, wadda muke kira Birik, tun yana saurayin da ya sauko daga Garwa ba ya jin Hausa sai "sannu" da "nawa ne". A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma bai kamata ya rufe mu yi shiru ba.

Birik unguwar teloli ce, kuma da wuya a sami keken da bai taɓa kwana a shagon Garga ba. To amma teloli suna da baki, su yabe shi da kansu. Waɗanda ba a jin muryarsu su ne 'yan sha'awa, masu ɗinkin fata don jin daɗin ransu: ma'aikacin da ke haɗa walat ranar Asabar, uwargidan da ke son jaka irin wadda babu a kasuwa, dattijon da zama ya ishe shi. Sauran masu gyara kallon ɓata lokaci suke yi musu. Garga kuwa kujera yake ba su, ya yi musu tambayar da kowa ya haddace: "Ina fatar?" Ba ya ba da shawara a kan keke sai ya riƙe fatar da za a ɗinka, ya lanƙwasa ta, ya ji kaurinta.

Madam Saliha ta unguwar Cité Verte shaida ce. Ta zo da hoton wani ƙaton inji a wayarta, irin na masana'anta, tana so ya raka ta kasuwar Mokolo su saya. Ya ce ta koma ta kawo fatar. Ta hau taksi tana mita, ta dawo da fatar akuya mai laushi kamar hankici.

"Madam, wannan injin zai cinye fatarki har da yatsunki," in ji shi. "Da tsohuwar zuma ake magani."

Ya nemo mata tsohon baƙin keke mai jikin ƙarfe, ya sa masa allurar fata, mai baki kamar wuƙa, wadda ke yanka hanya maimakon ta tura. Ya nuna mata yadda za ta shimfiɗa siririyar takarda a sama idan fatar ta manne wa ƙafar keken. Shekara shida ke nan tana ɗinki da shi. Alim na unguwar Messa kuwa man gyaɗa ya zuba wa nasa keken har ya daskare. Garga ya wanke shi da kananzir, ya miƙa masa, ya ce in zai sake soya ƙosai ya nemi kasko.

Malam Garga, kai ne ba ka taɓa sa mutum ya ji kunyar rashin sani ba. Ka tsokane shi, ka gyara masa, ya tafi yana dariya.

Amma abin da unguwa ba za ta manta ba shi ne na damanar bara. Alhaji Mohaman tsohon mahauci ne, abokin Garga tun suna samari. Da ya bar fawa sai ya kama ɗinkin fata da basilla don rage zama, har ya ƙware. Ana nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya mutu, ƙafar dama tana ja. Autarsa Afra'u ta gama makarantar horon malamai, an tura ta koyarwa wani ƙauye can gabas. Shi kuwa tun kafin ciwon ya yi mata alkawarin jaka da hannunsa, da fatar ragon layyar da ya yanka na ƙarshe, wadda ya aika garin Marwa aka jeme. Fata ɗaya ce, ba ta da ta biyu, kuma saura kwana takwas Afra'u ta tafi.

'Ya'yansa maza suka sayo masa sabon keke mai lantarki, fari tas, cikinsa roba. Keken ya karya allura biyar, yana tsallake ɗinki, zare yana cukurkuɗewa a ƙasa. Sai maƙwabcinsu Shamsuddin tela ya zo taimako da zuciya ɗaya. Ya yi abin da kowane telan Birik zai yi in yana son ɗinki ya yi ƙarfi: ya matse ɗinkin ƙanana-ƙanana, ya koma baya ya maimaita. Da aka ɗaga maratayin jakar sai ya rabu biyu a kan layin allura, kamar takardar da aka tsattsaga. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mohaman ya juya fuska bango, kwana biyu ko kunu sai an yi da gaske.

Afra'u ce ta zo shagon da sassafe, da ragowar fatar a jakar leda.

"Baffa Garga, ni jakar ba ta dame ni ba. Baba ne. In na tafi na bar shi haka, ban san yadda zan same shi ba."

Garga ya shafa wurin da ya yage. "Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata. Me ya hana ku zuwa tun farko?"

"Ya ce kada a gaya maka. Wai za ka yi masa dariya."

"Ai kuwa zan yi."

Ya auna ragowar da tafin hannu. Za ta isa jaka ɗaya da maratayi, in ba a sake kuskure ko ɗaya ba. Ya sauko da wani tsohon keke na hannu daga saman kanta, wanda ubangidansa ya bar masa, ya ɗora a baro, aka tura har zauren Mohaman.

"Sarkin Fawa, an ce ka yi fushi da bango," ya ce daga bakin ƙofa. "Me bangon ya yi maka?"

"Garga, tafi da tsiyarka."

Bai tafi ba. Ya sa aka kira Shamsuddin, ya zauna ya yi masa bayani a hankali, ba tare da ya kunyata shi ba. Yadi yana yafiya, in ka warware ɗinki ramin ya rufe. Fata ba ta yafiya, duk ramin da allura ta huda ya zauna ke nan. Don haka ɗinkin fata da tazara ake yi, ba a komawa baya, a bar jelar zare a ƙulle da hannu. Ya haɗa gefunan da gam maimakon fil, ya bubbuga su da guduma suka kwanta. Ya sa allura mai kauri da zaren da ya dace da ita, ya gwada a kan yagaggen maratayin sau uku yana sassauta zaren sama, har ƙulli ya ɓuya a tsakiyar fata. Mohaman dai yana jin ƙarar, har ya juyo.

"Ka ɗinka mata kawai," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ni tawa ta ƙare."

Garga ya sa fatar a ƙarƙashin allura, ya kama hannun keken. Sai ya tsaya. A kan guntun gwaji babu layin da za a bi, yatsa ya isa. Nan kuwa akwai siririn layin da Afra'u ta zana a kan jar fata, shi kuma hazo kawai yake gani. Ya fi shekara yana ɓoye wannan. Da laluben yatsa yake zura zare, da kunne yake gane ciwon keke, kuma yana tsoron ranar da Birik za ta ce makaniken ya makance. Zai iya yin shiru ya juya, wataƙila a dace. In ba a dace ba kuwa, fatar ta tafi.

"Mohaman," ya ce, "ba na ganin layin."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne. Yanar ido ce ta rufe min gani tun bara. Ko maiɗakina ban gaya wa ba."

Mohaman ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya ce wa Afra'u ta tashe shi zaune. Aka jawo tebur gabansa. Ya ɗora hannun hagu a kan fatar, hannun da ya shekara arba'in yana riƙe fata yayin da wuƙa ke fiɗa.

"Juya a hankali, makaho."

"Riƙe da kyau, gurgu."

Haka suka yi kwana huɗu, daga hantsi zuwa azahar. Garga yana juyawa ɗinki ɗaya-ɗaya, Mohaman yana bi da fatar yana cewa tsaya, ci gaba, tsaya. Suka yi faɗa ya fi a ƙirga. A rana ta biyu Mohaman ya nemi tuwo, a ta uku ya nemi ƙari. Afra'u ce ta ƙulla jelar zaren ƙarshe, hawaye na zuba a kan hannunta, ta rataya jakar ta zagaya tsakar gida da ita. Masu tsegumi sun ce dabara Garga ya yi don ya tayar da abokinsa. Da ma haka ne. Likita ya tabbatar da yanar, za a yi aiki, amma ya ce aikin ƙananan sukurori ya wuce.

Kafin Garga ya ajiye sukurdireba, ya ɗora wannan keken a kan teburi mai feda, ya saita shi yadda ƙafar hagu kaɗai za ta taka. Yanzu Mohaman shi kaɗai yake ɗinki. Duk da haka kullum da hantsi sai ka ga Garga a zauren, wai ya zo duba mai.

Malam Garga, kai ne ka zaɓi a san aibinka da a ɓata fatar wani. Gwanin keke, uban 'yan sha'awa. Muna ƙaunarka, kuma gara mu faɗa yanzu kana ji. Mun gode. Allah ya buɗe idon, ya sa hutun ya yi albarka.

Ku kuma masu sana'ar Birik, matasa da manya, ga abin koyi. Idan wanda bai iya ba ya shigo da ɗan abinsa a leda, ku ba shi kujera. Idan kun kai inda ba ku gani, ku faɗa, kada ku huda abin mutane a kan sa'a. Afra'u ta aiko da saƙo makon jiya: ruwa ya dake ta a hanyar makaranta, jakar cike da littattafan yara, ɗinki ko ɗaya bai saki ba. Da abokan aikinta suka tambaye ta wanda ya yi mata, sai ta ce musu babanta ne. Da aka karanta wa Garga, ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni juyawa kawai na yi."