Goggo Ta Ce Ba Ɗinya Ba Ce

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Goggo Rabi, yayar mahaifina, matar da ta fara gane cewa ciwo gare ni, ba ƙiwa ba.

Ina ƙarama a Tsohon Birnin Gwari, ko rijiya aka aike ni sai na tsugunna sau uku a hanya ina haki, leɓena da harshena su yi baƙi. Innata ta ce ɗinya nake tsayawa sha a bakin daji. Na sha rankwashi a kan ɗinyar da ko ganinta ban yi ba! Rannan Goggo ta kawo mana daddawa, ta tarar ana yi mini faɗa. Ta kama haɓata, ta jiƙa gefen zanenta, ta dirje mini baki har na yi ƙara. Baƙin bai fita ba.

"Ke Hauwa," ta ce wa Inna, "a wace bishiya ake samun ɗinyar da ba ta wankuwa? Yanzu ma lokacinta ne?"

Ita ta sa Baba gaba har aka kai ni Kaduna, daga can aka tura mu babban asibiti. Likita ya ce da rami a zuciya aka haife ni. Aka yi aiki aka rufe shi, Goggo ta yi wata guda a gindin gadona. Ranar sallama kowa murna ta ɗauke masa hankali, ita kaɗai ta riƙe maganar likita: gyara aka yi, ba sabuwa aka sa ba, duk shekara a dawo a duba. Da an gama yankan dawa sai ga ta da gyale a kafaɗa: "Tashi, 'yar nan, mu je a saurari injin."

Yau alhamdulillahi, 'ya'yana biyu, ina koyarwa a firamare, ina daka, ina azumi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, shekara uku rabona da asibitin. Hanyar Kaduna kowa ya san yadda ta koma, sai dai ko lokacin da ta lafa ban je ba. Kwanan nan kuma ƙafafuna na kumbura da yamma, na ɓoye wa maigidana don tsoro. Da Goggo na raye, wallahi ko sauraron uzurina ba za ta yi ba, kunya kawai zan sha.

Goggo ba ta haihu ba, gona ma ba ta bari ba. Abin da ta bari shi ne yake bugawa a ƙirjina, ni kuwa na yi sakaci da shi. Jiya na nuna wa maigidana ƙafafun. Ina tsoron hanya, ina tsoron abin da likita zai ce, amma ranar Litinin zan bi motar safe. Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya sa kin huta.